Amsa ga mai tambaya kan neman ragi wajen sayen ɗan kwikwiyo

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka samu wani mai kiwon karnuka yana da ƴan kwikwiyon Jaman Shefad, ya yanke maka kuɗi ka ji sun yi maka nauyi, kana tambaya ko ya dace ka taya ko kuwa zai ga kamar ka raina masa sana'a, kuma in ana tayawa ta ina ake farawa. To bari in faɗa maka abin da na sani, don na daɗe ina hulɗa da masu wannan harkar, na sayi nawa na kuma raka mutane sun saya.

Maganar kuɗi ba abin kunya ba ce, ka yi ta kai tsaye. Amma don Allah kar ta zama ita ce kalmarka ta farko. Mai kiwo na ƙwarai da ya ga saƙo ya shigo ba sallama ba komai sai "nawa ne na ƙarshe?" nan take zai sa ka a layin waɗanda ba ya son bai wa karensa, wasu ma ko amsa ba za su ba ka ba. Su ma fa suna tantance mai saye kamar yadda kake tantance su. Ka fara da gaya masa ko kai wane ne, gidanka akwai fili ko babu, akwai yara, ka taɓa riƙe kare, gadi kake so ko na zaman gida. Sai ka ce masa ranka ya daɗe, wannan kuɗin da ka faɗa me da me ke cikinsa? Wannan tambayar ita ce cinikin gaba ɗaya wallahi, don daga amsar da zai ba ka za ka gane ko kuɗin na da tushe ko kuwa ya dubi fuskarka ne kawai ya yanka.

Ka san kafin ɗan kwikwiyon nan ya iso hannunka an kashe kuɗi ba kaɗan ba. In mai kiwon ba shi da namiji sai ya biya kuɗin barbara, wani lokaci ma mai namijin ɗa guda zai ɗauka a cikin ƴaƴan a madadin kuɗi. Karya tana ɗaukar ciki kamar kwana 63, kuma tun cikin ya tsufa har ta yaye cinta ƙaruwa yake, lokacin shayarwa takan ci ninki biyu ko uku na abin da ta saba. Maganin tsutsa ana fara ba su tun suna sati 2, a maimaita duk bayan sati 2. Allurar rigakafi ta farko tsakanin sati 6 zuwa 8, wadda ke kare su daga farbo, cutar amai da gudawar jini, da distemfa, cutar da ke kama numfashi da jijiyoyi, da ciwon hanta, sai a riƙa maimaitawa duk sati 3 zuwa 4 har su kai sati 16, ta haukan kare kuma sai sun kai kamar wata 3. Kuma fa ba ɗa ɗaya ake yi wa ba, in ta haifi takwas duk takwas ɗin ne. Ga rashin barci, satin farko mutum yana tashi cikin dare yana duba kar uwar ta danne wani, wanda bai samu nono sosai ba a ba shi madara a kwalba. In haihuwa ta zo da gardama sai tiyata, wasu irin ma kamar Buldog yawancinsu da tiyata ake ciro ƴaƴan saboda girman kai, shi ya sa kake ganin kuɗinsu a sama. Sannan karya sau biyu kawai take neman namiji a shekara, kuma mai tausayi ba ya haɗa ta a kowane zagaye, yana barinta ta huta.

Tunda Jaman Shefad kake nema akwai abu ɗaya da nake so ka riƙe da kyau, shi ne ciwon mahaɗar ƙugu. Ana gadonsa, kuma ya yi yawa a manyan karnuka irin su Shefad da Rotwaila da Labrado. Abin takaicin ba ya nunawa a ɗan sati 8, kana ganinsa yana tsalle lafiya lau, sai ya fara girma ka ga yana tashi da ƙyar, in zai gudu yana haɗa ƙafafun baya biyu yana tsalle da su tare. Hanyar rage wannan haɗarin ita ce a ɗauki hoton ƙashin uwa da uba kafin a haɗa su. A Amurka gidauniyar lafiyar ƙashin dabbobi ta OFA ce ke duba hoton, kuma ba ta bayar da cikakkiyar shaida sai kare ya kai wata 24, a Ingila kuma ƙungiyar likitocin dabbobi ta BVA tana yin nata daga wata 12. To in mai kiwon ya ciro maka hoton ƙugun iyayen da rahoton likita, wannan mutumin ya kashe kuɗin da yawancin masu sayarwa ba sa kashewa, gaskiya ni a nan ba na matsa wa mutum, sayen nagari mai da kuɗi gida ne. In kuwa ya ce ai iyayen lafiyarsu ƙalau ka gansu da idonka, ba hoto ba takarda, to bai kamata ya nemi kuɗi ɗaya da wancan ba, kuma kana da bakin faɗa masa haka cikin ladabi.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne wanda ke sauka da sauri. Ka taya rabi ya ce kawo. Akwai wani da na raka, muka je muka tarar da ƴan kwikwiyo biyar a cikin kwali, na ce ina uwarsu aka ce tana wani gida. Na ɗaga ɗaya, cikinsa ya kumbura tim amma haƙarƙari duk a waje, na ɗaga leɓensa dasashi fari fat maimakon ja-ja, ga kaska a cikin kunne, ƙarƙashin jela ya jiƙe da gudawa. Na ce a kawo katin rigakafi, sai ya kawo wata takarda da aka rubuta da biro, babu sitikar kwalbar allurar babu hatimin likita. Muna juyawa za mu tafi ya fara zabge kuɗin da kansa ba wanda ya roƙe shi, har bakin ƙofa yana bin mu. Wannan so yake ya rabu da su kafin su kwanta a hannunsa. Farbo ba wasa ba ce, amai da gudawar jini, ɗan kwikwiyo ya bushe cikin kwana biyu uku, jinyarsa sai an kwantar ana ƙarin ruwa, sau da yawa kuɗin asibitin ya ninka ragin da aka yi maka, kuma ƙwayar cutar tana zama a ƙasar gida wata da watanni, ko ka sake sayo wani za ta iya kama shi.

Saboda haka ka dage sai ka ga uwar tare da ƴaƴanta a inda aka haife su. A Ingila tun shekarar 2020 doka ta hana ƴan tsakiya da shagunan dabbobi sayar da ɗan kwikwiyon da bai kai wata 6 ba, sai dai ka saya daga hannun wanda ya kiwata ko gidan ceton dabbobi, kuma dalilin kenan, dillali shi ke ɓoye maka inda kare ya fito. Ko inda babu irin wannan dokar kai ka kafa wa kanka. In da dillali a tsakani ma ai la'adarsa a kanka take, samun mai karen kai tsaye shi kansa ragi ne.

Kar ka yarda da ragin da za a yi maka don ka ɗauke shi da wuri, wai ɗan sati 5 ko 6 ka tafi da shi a rage maka kuɗin abinci da allura. Sai ya cika sati 8. A waɗannan satuttukan ne yake koyon wasa da ƴan'uwansa, ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi a yi ƙara a daina wasa da shi, nan yake koyon sassauta baki, wanda aka raba da wuri shi ne yake tasowa da yawan tsoro ko yawan cizo, kuma kare mai girman Shefad da bai iya riƙe bakinsa ba matsala ce babba a gidan da ke da yara.

Yanzu ina ake samun ragi na halal? Akwai wurare. Ba duk ƴaƴan ciki ɗaya ne kuɗinsu ɗaya ba, wanda aka fara zaɓa ya fi tsada, wanda ya rage a ƙarshe ya fi sauƙi alhali lafiyarsa ƙalau. In ƴaƴan sun wuce wata 3 zuwa 4 ba a saye su ba mai kiwo yakan sassauta don kullum ci suke, kai kuma ka ci riba biyu don an kusa gama masa allurai. Akwai kuma ƴan lahani da ke hana kare shiga gasa ko a yi kiwo da shi amma ba sa hana shi zama karen gida nagari, kamar launin da bai dace da ƙa'idar irin ba, ko ɗan cibi ƙarami, ko namiji da ƙwan marainarsa ɗaya bai sauko ba. Waɗannan biyun na ƙarshe ka tambayi likitan dabbobi nawa gyaran zai ci, don wanda bai sauko ba ana so a cire shi saboda yana iya zama ciwon daji daga baya, sai ka ce a cire maka kuɗin aikin daga farashi. Magana ce mai hujja, mai kiwo mai gaskiya ba zai ji haushi ba, shi ma ya sani. Haka in ba ka da niyyar kiwo ka faɗa, da yawa suna da farashi biyu, na mai son haƙƙin kiwo da na mai son kare kawai, a Amurka ƙungiyar rajistar karnuka ta AKC ma tana da rajista ta musamman da ba a yi wa ƴaƴan karen rajista in ya haihu.

Sai dai ka kula da masu ƙara kuɗi da sunan launi, wai kala ce mai wuyar samu. Launi ba ya gadi ba ya ƙara lafiya. A wasu irin ma masu dabbare-dabbaren da ake kira mal, in aka haɗa uwa da uba duk masu wannan launin, kusan ɗaya cikin huɗu na ƴaƴan na iya zuwa da matsalar ji ko gani. Ni ko sisi ba na ƙarawa don kala.

In ya ce kuɗin ba ya motsi, to ka koma kan abin da zai haɗa maka. Ka ce a yi masa allura ta biyu kafin ka ɗauka, ko a saka masa ɗan cif ɗin nan na shaida mai lamba 15 da ake sawa ƙarƙashin fata a tsakanin kafaɗu don a gane kare in ya ɓata, ko a ba ka abincin da ya saba ci na sati ɗaya ko biyu don canja abinci farat ɗaya na sa su gudawa, ko a yarda ka biya kashi biyu. Na ga masu kiwo da yawa da ba za su rage ko kwabo ba don kar sauran masu saye su ji, amma waɗannan za su yi maka da daɗin rai. Yadda nake faɗa shi ne, Malam na ga aikinka kuma na san ya cancanci abin da ka faɗa, ga iya ƙarfina, in akwai wanda zai dace da wannan a cikinsu ko a haihuwa ta gaba ina so. Sau ɗaya kake faɗa ka yi shiru. Kar ka kushe karen don a rage maka, kar kuma ka ce wane yana sayarwa ƙasa da haka, amsar da za ka samu ita ce to je ka wajen wanen.

Maganar kafin alƙalami kuma, al'ada ce a wannan harkar kuma ba laifi, amma kar ka yi cinikin biri a sama. Masu damfara sun cika intanet da hotunan da suka kwaso a wani wuri, ka tura kuɗi sai a ce saura na mota, saura na keji, saura na inshora. In nesa ne ka ce a kira ka ta bidiyo ka ga ɗan kwikwiyon da uwarsa a lokacin, ka ce a ɗaga maka wanda ka nuna. Kuma a rubuta, ko a saƙon waya ne: nawa ka bayar, nawa ya rage, wane ɗa ne naka, kuɗin na dawowa ko ba ya dawowa in ka fasa, in kuma ya mutu ko ya kamu da ciwo kafin ranar ɗauka ya za a yi. In an ce yana da takardar asali, wato ta rajistar irinsa da zuriyarsa, ka ga ta iyayen da idonka, kar ka biya kuɗin takarda a kan alkawarin za a aiko daga baya.

Abin da na fi so ka nema a cikin cinikin, ko da za ka bar ragin gaba ɗaya, shi ne yarjejeniyar dawowa. A rubuta cewa za ka kai shi wajen likitan dabbobin da kai ka zaɓa cikin kwana 2 ko 3, in an samu ciwo mai tsanani ka dawo da shi a ba ka kuɗinka ko a canja maka. Ka yi ƙoƙari a sa farbo a ciki har zuwa sati ɗaya, don takan ɗauki kwana 3 zuwa 7 a jiki kafin ta nuna, zai iya fitowa da ita daga can ranar da ka ɗauke shi yana wasa garau. Kai ma naka ɓangaren kar ka fita da shi yawo ko ka haɗa shi da baƙin karnuka sai ya gama allurai.

Kuma kafin ka je ka zauna ka yi lissafin shekarar farko, abinci da sauran allurai da maganin kaska da na tsutsa da ɗan abin da za ka ajiye don ciwon ba-zata, don Shefad yana kai shekara 10 ko fiye yana ci a hannunka. In ka ga kuɗin sayen zai cinye har da na wannan, ka gaya wa mai kiwon ya sa sunanka a haihuwa ta gaba ka ci gaba da tari. In ya turo maka hoton katin rigakafin da na iyayen ka sanya mana a nan mu duba tare kafin ka tura ko nawa ne.