Kalmar lethal: asalinta da yadda za a faɗe ta da Hausa

Tambaya: Malam, mene ne ma'anar lethal, kuma me ya bambanta ta da fatal? Ina ganin masu fassarar labarai suna mayar da su duka "mai kisa".

Amsa: Lethal siffa ce ta abin da ke da ƙarfin kashewa, ko ya kashe ko bai kai ga kashewa ba tukuna. Ta shiga Turanci a ƙarni na 16 daga Latin, inda letum ke nufin mutuwa. Harafin h ɗin nan ba na asali ba ne. Masu rubutu ne suka cusa shi saboda sun danganta kalmar da Lethe, kogin mantuwa na lahira a tatsuniyoyin Girkawa. An fi jin ta tare da makami, guba, adadin maganin da ya wuce kima, da allurar da wasu jihohin Amurka ke zartar da hukuncin kisa da ita.

Fatal kuwa daga kalmar Latin fatum take, wato abin da aka ƙaddara, kuma yawanci sai rai ya riga ya fita ake amfani da ita. A nan Hausa ba ta rasa abin faɗi ba, domin muna da ajali, wanda muka aro daga Larabci da ma'anar wa'adi. Idan an yi hatsarin mota aka rasa rai, sai a ce hatsarin ya yi ajalin mutum uku. "Hatsari mai kisa" ba maganar Bahaushe ba ce. Shi ya sa ma ake cewa in ajali ya yi kira, ko babu ciwo sai an je.

Ga lethal, duba abin da ake siffantawa kafin ka zaɓi kalma. Wanda ake ci ko sha, guba ne. Wanda ke shiga jini ta saran maciji, harbin kunama ko tsinin kibiya, dafi ne, kamar wanda maharba ke haɗawa da 'ya'yan tsiron kwankwani. Kada a musanya su. "Gubar maciji" tana sosa kunne. Makami sai a ce mai kisa ko mai halakarwa. Rauni kuma, ina roƙon masu fassara su dawo da makasa, wato wurin da in aka sami mutum ko dabba a jiki ba a tashi. "An soke shi a makasa" ta fi kowace doguwar fassara bayani.