Amsa ga uwar yara uku: ku auna tsayinsu kafin ku sayi tikiti

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce yaranku uku ne, babban shekara bakwai, ta tsakiya huɗu, auta kuma bai cika uku ba. Kuna da hutun kwana biyar, baban yara yana so a sayi tikitin shiga wurin wasa na kowace rana don a zaga ko'ina, ke kuma hankalinki bai kwanta ba, har yanzu ma ba ku tsayar da wurin da za ku je ba. Ina ganin ke ce da gaskiya. Mun sha kai yara irin waɗannan manyan wuraren wasa tun suna goye har suka yi wayo, kuma abin da zan faɗa miki shi ne a tsara tafiyar bisa ƙarfin auta, ba bisa yawan abin da aka biya ba.

Ki fara da abin awo. Ki tsayar da kowannensu a jikin bango, da takalminsa a ƙafa, ki rubuta tsayinsa da santimita. A waɗannan wurare tsayi ake dubawa kafin a bar yaro ya hau lilo mai gudu, shekaru ba su cika shiga lissafi ba, domin ƙarfen da ke riƙe mutum a kujera an yi shi ne daidai da wani girman jiki. Matakan da aka fi gani su ne wajen santimita 90, 97, 102, 112 da 122. Alal misali, a Magic Kingdom da ke Orlando a Amurka, lilon Space Mountain sai mai santimita 112, Seven Dwarfs Mine Train kuma 97. Ma'aikacin da ke bakin ƙofa yana da sandar awo, kuma ba ya ɗaga ƙafa ko da santimita ɗaya ne ya rage. Kada a cusa wa yaro wani abu a takalmi don ya kai. Don lafiyarsa aka sa dokar. Kowane wuri yana wallafa waɗannan ƙa'idoji a shafinsa na intanet. Ki ɗauko su ki gwada da awon yaranki, nan take za ki ga inda ya dace da ku. Babu abin da ke karya zuciyar yarinya 'yar shekara huɗu kamar ta bi layi da yayanta, a zo bakin shiga a ce ita ta koma.

Batun wuri kuwa, girman suna ba shi ne dacewa ba. Walt Disney World da ke Orlando filayen wasa huɗu ne manya, nesa da juna, sai an hau mota ko jirgi daga wannan zuwa wancan. Ga masu ƙanana, ɗaya daga cikinsu, Magic Kingdom, wanda aka buɗe a 1971, shi ne ya fi yawan abubuwan da kowa zai iya hawa. Disneyland Paris, da aka buɗe a 1992, filaye biyu ne ƙofa da ƙofa, kuma jirgin ƙasa daga tsakiyar birnin yana sauke mutum a bakin shiga. Legoland, na Denmak ne ko na Ingila ko na Dubai, an gina shi ne musamman don 'yan shekara biyu zuwa goma sha biyu, shi ya sa nake yawan ba masu yara irin naki shawararsa. A wuraren Disney yaron da bai kai shekara uku ba kyauta yake shiga, don haka in za ku je can, ki duba ranar haihuwar auta kafin a sa ranar tafiya.

Ki kuma duba yanayi. Orlando daga Yuni zuwa Satumba zafi ne mai gumi, ga hadari da tsawa kusan kowace yamma, kuma da an ga walƙiya ake tsayar da lilon da ke waje. Dubai da Abu Dhabi a waɗannan watanni zafin yana wuce digiri 40. In dole sai lokacin, ku nemi wurin da ke rufe da sanyaya ɗaki, irin Warner Bros. World na Abu Dhabi. Lokacin hutun makarantu na ƙasar da za ku je shi ne layi ya fi tsawo, ranakun tsakiyar mako kuma sun fi sauƙi.

Yanzu ga inda na fi so ki saurare ni, kuma ki nuna wa baban yara. Kwana biyar a jere ya yi wa waɗannan yara yawa. Ku shiga kwana biyu, ku huta ɗaya, sannan ku ƙara ɗaya. Na ƙarshe a bar shi a buɗe. Ranar hutun ba asara ba ce. Yara su yi barci su ƙoshi, su yi wasa a ruwan otal, ku ma ƙafafunku su dawo. A cikin yini kuma, ku isa bakin ƙofa kafin a buɗe, domin sa'o'i biyun farko su ne layi bai taru ba, rana ba ta yi ba, yara suna da karsashi. Da azahar ta yi ku fita, ku koma masauki a kwanta, in da sauran ƙarfi a dawo da yamma. Ki tabbatar tikitinku ya ba da damar fita da sake shiga. Saboda wannan ne nake fifita otal na kusa a kan na nesa mai kyau. Na ga iyaye da yawa wajen ƙarfe uku na rana, yaro yana birgima a ƙasa, uwa tana faɗa, uba yana duba agogo yana lissafin abin da ba a hau ba. Wannan yaron ba rashin kunya yake yi ba, gajiya ce da yunwa da hayaniya suka taru masa, kuma ba shi da bakin da zai faɗa.

Kowane yaro ya zaɓi abu biyu da yake so tun daga gida, a fara da su. Duk abin da aka samu bayan nan riba ne. Kada ki fara da abu mai duhu ko mai ƙara. Yaro in ya tsorata a hawan farko, zai iya ƙin komai har yamma. Ki nuna musu bidiyon lilon tukuna, wanda ya ce ba ya so a ƙyale shi, ko da tsayinsa ya kai. Haka su ma mutanen da ke sanye da kayan 'yan katun: a talabijin ƙanana ne, a zahiri sun fi babansa girma, kuma yaro ɗan shekara biyu yakan fashe da kuka. A tsaya daga nesa har ya nemi matsawa da kansa.

Don kada babban ya cutu saboda ƙannensa, akwai tsarin da Disney ke kira Rider Switch, sauran wurare ma suna da irinsa. Ku je gaba ɗaya ku gaya wa ma'aikaci. Ɗayanku ya hau da babban, ɗayan ya jira da ƙananan, sannan ku yi musanya ba tare da bin dogon layin daga farko ba. Sau da yawa babban yakan samu hawa biyu.

Keken tura yara dole ne, har da 'yar shekara huɗun, ko da a gida ta daina hawa, domin tafiyar ƙasa ce ta kilomitoci. Ana bayar da haya, amma naku ya fi, saboda zai yi muku amfani a filin jirgi da hanyar komawa masauki lokacin da suka yi barci. Wuraren Disney na Amurka ba sa yarda da wanda ya wuce santimita 79 a faɗi da 132 a tsawo. Ki ɗaura masa ƙyalle mai launi, domin ma'aikata suna matsar da kekuna, kuma duk kamarsu ɗaya. A jaka ki sa gorar ruwa, abin taɓawa da suka saba da shi, kayan canji cikakku ga kowa, famfas fiye da lissafinki, hula, man kariyar rana, rigar ruwa, maganin zazzaɓin yara da abin cajin waya, tunda da manhajar wurin za ki riƙa duba tsawon layi. Ki binciki dokar shiga da abinci, ba ɗaya ba ce a ko'ina. Ku ci kafin lokacin da kowa ke ci. Manyan wuraren suna da ɗakin kula da jarirai, inda ake shayarwa da canza famfas cikin natsuwa. Ki gano inda yake a taswira tun da safe.

Sai batun ɓata, wanda ba na so ki ɗauke shi da wasa. Kowace safiya ki ɗauki hoton kowane yaro da kayan da ke jikinsa. Ki rubuta lambar wayarki a abin hannu ki ɗaura musu. Da kun shiga, ki nuna musu yadda ma'aikata suke, da alamar suna a ƙirji, ki ce wanda bai gan ku ba ya tsaya inda yake ya gaya wa mai irin wannan alamar. Ke da babansu kuma ku riƙa faɗa da baki wa ke riƙe da wa, musamman wajen fita bayan fareti ko wasan wuta na dare, lokacin da jama'a ke turuwa hanya ɗaya. Wasan wutan ma yakan kai dare kuma yana da ƙara sosai. Ku zaɓi dare ɗaya kacal, wanda washegarinsa ranar hutu ce, ku tsaya kusa da ƙofar fita, a toshe wa auta kunne.

In kin auna su, ki turo tsayin kowanne da watan da kuke son tafiya, sai mu duba wurin da zai fi karɓarsu. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.