Amsa ga Injiniya kan zanen gandun dabbobin nan

Salamu alaikum jama'a. Injiniya na ji saƙonka, kana tambaya ina za a sa get da wajen fakin da wajen cin abinci a zanen gandun dabbobin nan da ake zagayawa da mota. To ni dai a ganina abin da kake son sani shi ne ta ina ake farawa, kuma wallahi ba ta gini ake farawa ba, ta inuwa da ruwa ake farawa. Zaki fa yana iya kwashe kusan awa 20 a rana yana kwance, duk inda ka ajiye masa inuwa can zai je ya baje, in inuwar na nesa da titi shi ke nan mutane sun biya kuɗin kallon ciyawa.

Ni abin nan ya taɓa cina. Wani gandu na kai yara, ba zan kira suna ba, titi ɗoɗar a miƙe kamar filin jirgi, bishiyoyin kaf an dasa su can ƙurya jikin waya, muka zagaya har sau biyu abin da muka gani wutsiya ce kawai tana motsi. Ƙaramar tana ta Baba ina zakin, Baba ina zakin, ni kuma ina nuna mata wani dutse ina cewa ga shi can. Direban bas ɗin wai yau zafi ne shi ya sa. Zafi kuma? Ku kuka kai inuwar can ai! Ga mashayar tasu an haƙa ta yamma da titi, da la'asar rana na dukan ido, duk hoton da na ɗauka baƙi ƙirin. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, da bishiya uku kacal suka matso da su bakin hanya da an wuce wajen.

Kuma ba sabon ilimi ba ne fa. Tun 1907 wani mai cinikin namun daji, Carl Hagenbeck, ya buɗe nasa gandun a Hamburg ta Jamus, ya cire sandunan ƙarfe ya haƙa rami mai faɗi wanda mai kallo ba ya hangowa, sai ka ga kamar zaki da barewa fili ɗaya suke alhali akwai rami tsakani. A'a bari in gyara, nasa da ƙafa ake zagayawa, na mota a wajen Afirka sai 1966 a Longleat ta Ingila. Amma dabarar ɗaya ce, ka ɓoye shingen, ka lanƙwasa titin ta yadda mota ba ta ganin jerin motocin gabanta, kowace kwana mutum ya ci karo da sabon abu.

Ɓangaren masu cin nama get biyu ake yi, sai na baya ya rufe na gaba zai buɗe, wannan ba wasa. Na birai kuwa ka yi hanyar kaucewa, don suna cire waifa da robar gilas, ba kowa zai yarda da motarsa ba. Bishiyar da ke wajen raƙumin dawa a naɗe gindinta da ragar waya in ba haka ba su ɓare ɓawon ta bushe. Motar ma'aikata da ta likitan dabbobi hanyarsu daban.

Fakin kuwa, ai ka fi ni sani, bar shi. Banɗaki dai, don Allah a sa shi kafin get, in an shiga ba mai fita daga mota, ranar nan ma sai da muka... bari dai. Ka turo min zanen ka sa min alamar gabas da yamma in gani.