Tambayoyin da ake yi wa wanda ya kira 18

'Yar'uwa, kin ce da Baba ya yanke jiki ya faɗi kin kira 18, lambar 'yan kwana-kwana a Nijar, maimakon su taso sai wanda ya ɗauka ya tsare ki da tambayoyi, kina son sanin ko haka ake yi. Allah ya ba Baba lafiya. Haka ake yi, ni ma sai da abin ya faɗo kaina na gane amfaninsa.

Bara da bazara wani dattijo maƙwabcinmu a unguwar Ali Ɗan Sofo ta Maraɗi ya faɗi a ƙofar gida bayan La'asar. Na kira, baki na rawa, ba abin da nake maimaitawa sai "ku zo, mutum zai mutu". Wanda ya ɗauka ya ce, "Malam, kana ina?" Na ce gida. To, gida ina? A Maraɗi wa ke nemo mutum da lambar gida? Sai da na natsu na faɗi unguwa, na ce bayan masallaci, lungu na biyu, ƙofa shuɗiya. Ya ce a tura yaro bakin kwalta ya tare motar. Yaron nan ya fi duk kururuwata amfani.

Sai ya ce, "Yana numfashi?" Nan ne mutane ke ruɗewa. Wanda zuciyarsa ta tsaya yakan yi wata shessheƙa jefi-jefi kamar minshari, 'yan'uwa su ɗauka numfashi ne. Ba shi ba ne. In haka ne, danna tsakiyar ƙirji ake yi da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, don ƙwaƙwalwa na fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu iska. Namu dai ƙirjinsa na hawa da sauka daidai, aka ce mu kwantar da shi ta gefe.

Matan gida har sun ɗebo ruwa za su ɗura masa, na hana da ƙyar. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ba shi komai ta baki, shaƙe shi zai yi.

In wanda ya faɗi yana da ciwon suga ko hawan jini, faɗi, har maganin da yake sha. Kar ki tsaya haɗa Faransanci, yi Hausarki. Kuma kar ki kashe waya ki hau kiran dangi, ni na yi haka, direban ya yi ta neman layina yana jin a toshe, yana can bakin kwalta.