Gindin haƙorana yana cinyewa, ko tsutsa ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce a Gwammaja, shekarata 34. Kusan shekara biyu ke nan ina goge haƙorana da garin gawayi da gishiri, da burushi mai tauri, don su yi fari. Yanzu rami ya fito a gindin haƙoran gefen hagu, daidai bakin dasashi, in ruwan sanyi ya taɓa sai na ji har cikin kaina. Farin ma bai samu ba, ja suke ƙarawa. Maigida ya ce ina cizon haƙora cikin barci. Maƙwabciyata ta ce tsutsa ce. Ina tsoron kada su zube.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ki kwantar da hankalinki, in aka tare abin yanzu ba za su zube ba, in sha Allahu. Tsutsa kam babu ita a haƙori, kada ki kai bakinki wurin masu turara hayaƙi su nuna miki abu a kwano. Yadda kika siffanta ramin, ya fi kama da zaizaya, kuma hannunki ne ya fi yin aikin. Kin ce gefen hagu ne. Mai goga da hannun dama a nan ya fi danna burushi.

Cizon barcin ma yana da nasa kason. Turamen babban mutum suna iya datsewa da nauyin da ya kai kilo 50 zuwa 70. Tauna tuwo ba ta buƙatar ko kusa da haka, kuma idan kina farke, da kin tauna tsakuwa a shinkafa muƙamuƙi yake saki da kansa. A barci wannan birkin yana rauni, sai haƙori ya yi ta gugar ɗan'uwansa babu abinci a tsakani. Akwai robar da muke aunawa daidai bakin mutum ya kwana da ita.

Amma gawayin nan shi ne abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, don ba a kwana biyu ban ga irinki a kujerata ba. Mutane sun ɗauka haƙori kamar gindin tukunya ne, in aka dirza sai fari ya fito. Ba haka Allah ya yi shi ba. Farin yana waje ne, wato ɓawon da muke kira inamel. A kan tsinin turmi kaurinsa yakan kai milimita 2 zuwa 2.5, amma a wuyan haƙori, inda ya haɗu da dasashi, siriri ne ƙwarai har ya ƙare. Abin da ke ƙarƙashinsa, dentin, ruwan ɗorawa ne, ya fi laushi, kuma cike yake da ƙananan kafofi da ke kaiwa ga jijiya. Kina dirza, farin yana raguwa, ɗorawar tana bayyana, ke kuma kina ganin datti ne kina ƙara ƙarfi. Ga dalilin jan da kike gani, ga dalilin zafin ruwan sanyi. Inamel kuwa in ya tafi ba ya tsirowa, babu wani gari ko tsimi da zai dawo da shi.

Abin takaici, mai tallan garin a lasifika a bakin tasha, ko yarinyar da ke nuna shi a TikTok, ba sa nan ranar da za ki kasa kurɓar ruwan alwala da sanyin asuba. Satin farko tabon goro da na shayi ya fita, an yaba, an sake saye. Wasu har toka da kanwa suke haɗawa, wasu su matsa lemon tsami a kai. Wannan ya fi muni, domin tsami yana tausasa ɓawon, sannan a bi shi da dirza. Haka in kin sha zoɓo ko kunun tsamiya, ki kuskure baki da ruwa, ki jira kamar minti 30 kafin ki ɗauki burushi. Aswaki sunna ne mai kyau, amma a tauna bakinsa ya yi laushi, kada a riƙa zarga shi dama da hagu kamar zarto.

Daga yau ki ajiye gawayi da gishirin. Ki sayi burushi mai laushi, ki riƙe shi da yatsu kamar biro, ki goga a hankali minti biyu da makilin mai fuloraid, wato sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori, in son samu ne irin na masu jin sanyi a haƙori. Ki daina tauna ƙanƙara da busasshiyar aya. Sannan ki je sashen haƙori na Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala a duba ko ramin yana buƙatar ciko, tun bai kai ga jijiya ba. Ki tafi da burushin naki, likita zai so ya ga yadda gashinsa ya baje.