Shin Ya Halatta a Raba Gado da Lissafin Ɗigo Maimakon Sulusi da Sudusi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu, aka ɗora mini lissafin gado. Da kalkuleta na yi, na rubuta sulusi 0.33, sudusi kuma 0.17. Da na haɗa rabon kowa sai ya ƙi daidaita da dukiyar. Shin yin amfani da lissafin ɗigo laifi ne a shari'a?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya ba ku haƙuri.

Ɗan'uwa, lissafin ɗigo halal ne, kayan aiki ne kamar sikeli, kuma ba baƙo ba ne a wurin Musulmi. Masanin lissafi Al-Uƙlidisi ya yi amfani da shi a Dimashƙa wajen shekarar 952, wani masanin, Al-Kashi, kuma ya tsara shi sosai a Samarkand a 1427. Matsalar tana wurin da ka ajiye shi.

Allah Ya yanka rabo shida a Suratun Nisa'i, aya ta 11, 12 da 176: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Uku na farko suna shiga lissafin ɗigo ba gyara. Rabi 0.5 ne, rubu'i 0.25, sumuni 0.125. Sauran ukun ba sa shiga, domin goma ba ta rabuwa gida uku. Sulusi 0.333 ne har abada, duk inda ka tsaya ka gutsure wani abu. Idan dukiya ta kai 900,000, sulusinta 300,000 ne cif. Wanda ya ninka da 0.33 zai samu 297,000, ya tauye mai haƙƙi 3,000. Sudusinta 150,000 ne, amma 0.17 zai ba da 153,000. An rage wa wani, an ƙara wa wani, alhali Allah Ya kira wannan rabo "nasiban mafrudan", yankakken rabo.

Shi ya sa malaman fara'ili, wato ilimin rabon gado, suke fara neman asalin mas'ala, wato lambar da kowane rabo zai fita daga cikinta ba tare da karyewa ba: 2, 3, 4, 6, 8, 12 ko 24. Dubi mamacin da ya rasu ya bar matarsa, 'ya'ya mata biyu, uwa da uba. Asali 24 ne. Mata tana da 3, 'ya'yan biyu 16, uwa 4, uba 4. Jimla 27, ta zarce asalin. Wannan shi ne auli. Sai a raba dukiyar gida 27, ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa. Rabon matar ya zama 3 cikin 27, wato ɗaya bisa tara. An ruwaito cewa an tambayi Sayyidina Ali wannan mas'ala yana kan mumbari, nan take ya ce sumuninta ya koma ɗaya bisa tara. Mai lissafin ɗigo kuwa zai ga jimla ta haura ɗaya, ya zaci kuskure ya yi, ya fara datse rabon mutane da ka. Wannan nake ji wa mutane tsoro ƙwarai, domin sau da yawa mai raunin murya ake datsewa.

A zakka babu wannan damuwa. Ɗaya bisa arba'in daidai yake da 0.025, haka ushurin amfanin gona 0.1 ne, rabinsa 0.05. Yi da wanda ya fi maka sauƙi.

Saboda haka ka warware lissafin da ka yi. Ka fitar da kuɗin jana'iza, sannan bashi, sannan wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba. Ka fitar da asalin mas'ala a gaban malamin da ya san fara'ili, ka raba dukiyar da wannan lamba, ko da jimlar auli idan an samu auli, sannan ka ninka da kason kowane magaji. A nan kalkuleta za ta yi maka amfani, a matakin ƙarshe kawai. Idan ɗan canjin da ba ya rabuwa ya rage, baligai daga cikin magada su yafe wa juna da yardarsu. Rabon maraya ƙarami kuwa ba a taɓa shi, ko da waliyyinsa ya amince. Idan an riga an raba bisa tsohon lissafin, wanda ya karɓi ƙari ya mayar, kai kuma babu zunubi a kanka tunda ba da gangan ka yi ba.

Wallahu a'alam.