Amsa ga 'yar'uwar da dangi za su sauka a gidanta mako guda

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayarki tun da hantsi, sai yanzu na samu zama. Kin ce yayyenki da ƙannen maigidanki za su zo Kano da 'ya'yansu su yi mako guda a wannan dogon hutun, ga kuma ƙawayenki na makaranta suna ta matsa miki ku haɗu, kina neman wuraren da za ki kai su. Jama'a sun jero miki wurare, Allah ya saka musu. Ni dai abin da zan ce miki daban ne, domin sau biyu na ɗauki irin wannan hidimar, ta farko ta ƙare da ɓacin rai, ta biyu kuwa har yau yara suna labarinta. Kano ba ta rasa wurin zuwa. Abin da ke lalata irin wannan makon tukunya ce da aljihu.

Karon farko, shekara uku ke nan, a gidan Hajiyarmu aka sauka, cikin gari. Mu 25 ne, yara 15 a ciki. Ni ce na zaƙe, na rubuta tsari a takarda, kowace rana da inda za a je. Ban rubuta wanda zai dafa abinci ba, ban rubuta wanda zai zuba wa motoci mai ba. Sai ya zamana ni da matar Yaya muna madafa tun bayan sallar asuba, mu soya, mu zuba a kula, mu yi wa ƙanana wanka, a fita da mu a gajiye, a dawo mu sake ɗora sanwar dare, sauran suna falo ana hira ana dariya. Kwana huɗu matar Yaya ta daina magana. Ba ta ce komai ba, amma kin san irin shirun nan da ya fi faɗa ciwo. Ranar tafiya kowa ya ce an sha zumunci, ni kuwa bashi na kwana da shi, ita kuma sai da aka yi wata biyu kafin ta ɗaga wayata da sakin fuska. Kuma da gaskiyarta. Ita ma hutu ta zo.

Don haka kafin ki yi tunanin gidan zu ko madatsar ruwa ta Tiga, ki kira taron waya da matan da za su zo, ku raba girki kwana-kwana, biyu-biyu. Wadda ba ranarta ba kada ta leƙa madafa ko da cokali ne ya faɗi. Ki sa sunanki a ciki kamar kowa, sau ɗaya ko biyu, kada ki ce ai ke ce mai masauki. 'Yan mata daga shekara 12 su riƙe wanke-wanke, samarin kuma kada a bar su suna miƙe ƙafa a kan waya: ɗiban ruwa, shara, zubar da bola, aike, naɗe tabarmi da safe, duk nasu ne. Bara ɗan Yaya mai shekara 14 ya yi ta ƙunƙuni ranar farko, ranar uku shi ke tsara wa ƙannensa layin ɗiban ruwa kamar wani sarkin aiki.

Batun kuɗi shi ne mai wuyar faɗa, shi ya sa ake barinsa har ya yi tsami. A kowane dangi akwai mai hali, akwai wanda kuɗin motar zuwa ma da ƙyar ya haɗa. In kika ce kowa ya kawo adadi ɗaya, kin kunyata wani. In kika yi shiru, nauyin ya faɗo kanki da maigidanki, kuma shi ba zai faɗa miki ya ji jiki ba sai dai ki ga fuska ta canja. Abin da muka yi bara shi ne, muka ɗora wa Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, riƙon karo-karon. Kowa ya kai mata abin da zai iya a ɓoye, babu mai sanin na wani. Wani ya aiko da buhun shinkafa, wani ya ce man motoci nasa ne, ƙanwarmu da mijinta ke fama ta zo da daddawa da kuka da soyayyen man shanu daga garinsu, kuma wallahi miyarta ce aka fi yabawa a makon. Babba a ba wa wannan aikin, wadda ba a iya yi wa musu. Ke ba za ki iya tambayar ƙanin mijinki kuɗi ba, amma uwarsa ko gwaggonsa za ta iya.

Kuma ki sauke buri a kan abinci. Shayi da burodi da ƙwai ga yara 15 kullum, ai kafin Laraba kin tsiyace. Koko da ƙosai, ɗumamen tuwon jiya, kunun gyaɗa in an samu hali. 'Yan Abujan namu da ake cewa ba sa cin ɗumame, da suka ga sa'o'insu sun kewaye kwano ana rige-rige, ba wanda ya roƙe su suka sa hannu. Damina ce, zogale da rama sun yi arha, ga ɗanyar masara, ga dafaffiyar gyaɗa. Rana ɗaya kawai a yi girkin gani-na-faɗa, ranar da za a tara kowa da kowa. Mu dambu muka yi da kaji, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Yanzu ga fitar. Uku sun isa a mako, kuma kada biyu su biyo juna. Ranar da aka fita, washegari a zauna a gida. Ki tuna Agusta ce, watan da ruwa ya fi ƙarfi a Kano, kuma hadari ya fi haɗuwa da yamma, saboda haka a fita da sassafe a dawo kafin la'asar.

Fitar da ta fi yi mini daɗi ita ce ta cikin gari, wadda kuma ta fi arha. Muka fara da Gidan Makama, nan kusa da gidan Sarki. Ginin tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ne, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ne. Ni da aka haifa a garin nan ban taɓa shiga ba sai da na kai baƙi, abin kunya. Yaran sun fi tsayawa a wurin tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi, suna ta tambayar yadda mutum zai hau doki da wannan nauyin. Daga nan muka gangara marinar Ƙofar Mata. A nan ne na ga abin da ban zata ba: yaran da ba sa ɗaga kai daga waya sun tsugunna a bakin rami suna kallon dattijo yana tsoma zane a ruwan baba, ya ɗago shi da ɗan kore-kore, iska na bugunsa yana komawa shuɗi a gaban idonsu. Wata 'yar ƙanwata ta ce sihiri ne. Dattijon ya yi dariya ya ce mata baba ce da toka da haƙuri. Ki riƙe 'yan canji na ihsani ga masu aikin, kuma ki nemi izini kafin a ɗauki hotonsu, sana'arsu suke yi, ba kallo suka fito a yi musu ba. Dutsen Dala mun bar shi ga samari da iyayensu maza, suka hau da safe wata rana daban, suka dawo suna ba da labarin Barbushe, shugaban mazauna Dala na zamanin da, kamar tare suka yi zamani. In an kwana ana ruwa a haƙura da hawan, akwai santsi.

Gidan zu na Audu Bako kowa ya san shi, ba sai na yi dogon bayani ba. Ƙanana suna so, manya su gaji da wuri. Abu ɗaya kawai: ki guji Asabar da Lahadi in za ki iya, saboda cinkoso. A can ne ɗan ƙanina mai shekara 6 ya ɓace mana a karon farko. Laifinmu ne ba na kowa ba, domin kowace ta ɗauka yana hannun wata. Kusan minti 20 muna ta kewaye, uwarsa har ta fara salati da ƙarfi, sai ga shi a gindin wani mai rake yana kallon yadda ake fere shi, ko a jikinsa. Tun daga ranar muka kafa doka: kafin a hau mota a raba yara da suna, ke ga naki uku, ke ga naki uku, ba lallai 'ya'yan cikinki ba. A ƙirga a ƙofar gida, a ƙirga a ƙofar shiga, a ƙirga kafin mota ta tashi. Ƙananan kuma a rubuta lambar waya a takarda a sa musu a aljihu.

Tiga ita ce babbar fita, kuma ita ce mai cin mai. Za ku bi hanyar Zariya ku wuce Kura, tafiyar sama da awa guda in an haɗa da fita daga cunkoson gari. Madatsar tun zamanin Gwamna Audu Bako aka gina ta, a farkon shekarun 1970, kuma ruwanta ne ke shayar da gonakin shinkafa da tumatir da za ku riƙa gani a wajen Kura da Kadawa. Ki nuna wa yaran, su san shinkafar da suke ci ba a buhu take tsirowa ba. Wurin yana da kyau da damina, ko'ina kore shar. Amma 'yar'uwa, ruwa ba abokin wasa ba ne. Mu ba mu bar ko yaro ɗaya ya sa ƙafa ba, har da masu cewa sun iya iyo a wurin wanka na otal. Aka shimfiɗa tabarmi nesa da baki, aka ci abinci, aka yi hotuna, aka juyo. Samarin sun ji haushina, na ce su ji. Wannan dokar har a unguwa, domin kududdufai sun cika a wannan lokacin, kuma yaron da ya zo baƙunta bai san inda rami yake ba.

Kada ki manta da gaishe-gaishe, don shi ne ainihin abin da ya kawo su, ko da yaran ba su sani ba. Akwai tsofaffin da in aka zo gari aka tafi ba a leƙa su ba, sai an shekara ana jin maganar. Ki zauna da Hajiya ko surukarki ta lissafa miki gidajen da ba a tsallakewa. Ba sai an kwashi kowa ba, mota ɗaya ta isa, a shiga a gaisa a ajiye ɗan goro ko sabulu a fito. Ki ɗan koya wa yaran da suka tashi a waje yadda ake durƙusawa da amsa gaisuwa tun a gida, a cikin raha. Kuma ki ja kunnen naki kada su yi musu dariya in Hausarsu ta karkace. Wata 'yar Yayata ta ce wa kakarmu "ina kwana" da la'asar sakaliya, aka kwashe da dariya, yarinyar nan ba ta sake buɗe baki da Hausa ba har suka tafi. Tsokanar taubasai daban, wannan gado ne, kaka ma ta kira jikanta mijinta ta kira jikanyarta kishiya, duk suna jin daɗinsa in an fahimtar da su wasa ne. Dariyar ƙeta ce ba na so.

Ƙawayenki kuwa, kada ki haɗa su da dangi. Na gwada, ba ya yi. Ke kina son ku tuna shaƙiyancin aji uku, ga yayar mijinki zaune tana sauraro, kowa ya takura. Ki zaɓi yamma ɗaya wadda ba ranar girkinki ba, ki sanar da maigida tun makon bai kama ba, ki bar yara a gida, ai ga masu riƙo sun cika gida. Mu a gidan ɗaya daga cikinmu muka haɗu, kowa ta zo da abin da ta iya, wata gurasa bandashe, wata zoɓo, aka aika aka sayo tsire. Ya fi mana wurin cin abinci na kuɗi, don a can wata za ta yi ta lissafin abin da ke jakarta ta kasa sakewa. Shi ma maigidan ki bar shi ya kai 'yan'uwansa majalisarsu da dare ba tare da kin ɗaure fuska ba.

Sauro: ki tanadi gidan sauro ga kowace shimfiɗa tun kafin su iso, ko aro ne, kamar yadda za ki aro katifu. Zazzaɓin cizon sauro yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya bayyana, wato sai sun koma gida. Ki gaya wa iyayen, yaro ya yi zafin jiki bayan komawa a kai shi gwaji, kada a ce gajiyar hanya ce. Ruwan sha kuma a kula da shi ƙwarai, damina lokacin amai da gudawa ce, ki ajiye ƙullin gishiri da sukari na kemis a gida.

Daren da za ki ga an ɗauke wuta, ruwa na zuba, wayoyi sun mutu, kada ki yi saurin cewa a tayar da janareta. Bara haka ta faru, Hajiya ta ce "ga ta nan ga ta nanku", yaran suka yi tsuru-tsuru, babu wanda ya san ana cewa "ta zo mu ji ta" sai nawa biyu. Ba zan yi miki ƙarya ba, manyan samarin sun zame bayan tatsuniya ɗaya. Ƙananan ne suka liƙe mata, kullum sai an yi musu Gizo kafin su yi barci, har ta ce mun jawo mata aiki.

Ranar ƙarshe kada ki sa komai a cikinta. Wanki ne da neman takalmin da ya ɓace da rabon tsaraba. Kilishi da gurasa da su kuka da kuɓewa busasshiya ki aika a sayo tun ana jibi za su tafi, in ba haka ba da safiyar tafiya za ki ga ana cewa a tsaya a biya kasuwa, rana ta yi, direba na ta danna ham a ƙofar gida. Kuma ki duba ƙarƙashin katifu kafin a mayar wa masu su. Cajar waya uku da hular jariri na tsinta bara, har yanzu ɗaya cajar ba a samu mai ita ba.